Madubin da ke Gaban Direba

Faɗinsa bai kai tafin hannu ba, tsawonsa kuwa da kyar ya kai taƙi guda. An maƙala shi a saman gilashin gaba, daidai tsakiya, bisa wata 'yar gaɓa da ke barinsa ya juya duk inda hannu ya so. A motocin haya na Wad Madani ta ƙasar Sudan, da tasi da ƙananan motocin nan da ake kira amjad, da wuya a same shi tsirara. Wani ya rataya masa carbi, wani laya, wani takalmin jariri wari guda. Duk sa'ad da mota ta faɗa rami sai carbin ya yi lilo, kamar shi ma yana neman tsari.

An yi shi ne don direba ya ga hanyar da ya bari a baya ba tare da ya juya wuya ba. Abin mamaki, mace ce cikin waɗanda suka fara kawo shawarar. A 1909 wata Baturiyar Ingila mai tseren mota, Dorothy Levitt, ta shawarci mata direbobi su riƙa tafiya da ɗan madubin hannu don ganin abin da ke biye da su. Bayan shekara biyu wani ɗan tsere a Amurka, Ray Harroun, ya kafa madubi a motarsa maimakon ɗaukar mutumin da zai riƙa waiwaya masa. Sai dai kafin ido ya isa hanya ta cikin madubin nan, dole ya ratsa kujerar baya. A kujerar baya kuwa akwai mutum.

Wata baiwar Allah daga Katsina ta yi karatu a Jami'ar Jazira shekarun da suka gabaci yaƙin da ya ɓarke a 2023. Idan an yi hutu takan tafi Mai Wurno, kudu da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu, wurin dangin kakarta. Ta ce a duk zaman da ta yi a Sudan babu inda aka yi mata tambayoyi kamar ta cikin madubin mota.

Madubin ba ya ɗaukar mutum duka. Tsiri yake yankowa: goshi, idanu, bakin lulluɓi. Da wannan tsirin direba ke gina mace sukutum. Ya ga hijabi dogo irin na Katsina, ba tob ɗin da matan Sudan ke naɗawa ba, sai idonsa ya ɗago. "Inti min wen, ya hajja?" wato daga ina kike. Idan ta ce Najeriya, wani ya shiga hirar ƙwallo, wani ya yi mata addu'ar nasara a karatu, wani kuma kuɗin mota ya ƙaru a bakinsa kafin a kai kwana ta gaba. Akwai wanda tun bai tada mota ba zai kai hannu ya karkato madubin har sai fuskarta ta cika shi. Irin wannan ta koyi cewa ta yi mantuwa, ta sauka.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi: "Jinsik shinu?" Wace ƙabila ce ke. Da ta ambaci Mai Wurno sai a ce, to, Fallatiya ce. Kalmar Fallata buhu ce da aka zuba Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a ciki, wani ya faɗe ta da sakin fuska, wani ya faɗe ta ta gefen baki. Garin kuwa ba jiya aka kafa shi ba. Sunansa na Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya faɗi a Burmi a 1903. Ɗan ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a har suka sauka a bakin kogin nan. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ruwa ya bi magudanai cikin Jazira, hannun Hausawa na cikin hannayen da suka shuka auduga suka tsince ta, daga ƙauyukansu da kuma matsugunan leburori da ake kira kambo. Jikokinsu sun haifi jikoki a wurin. Amma a tsirin madubi har yanzu baƙi ne da suka sauka ɗazu.

Waiwaye adon tafiya ne, haka aka ce. Sai dai ado yana da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cinye mita 22 a daƙiƙa guda. Direban da ya bar idonsa daƙiƙa biyu a kan fasinja ya tuƙa fiye da mita 40 a makance, a hanyar da jaki da amalanke da yara ke tsallakawa ba sallama. Mai binciken asalin wanda ya ɗauko bai cika ganin ramin da ke gabansa ba.

Haske kuwa Allah ya yi shi ba ya son kai: hanyar da ya bi ya je, ita yake bi ya dawo. Duk wanda ka hango idonsa a madubi, shi ma ya hango naka. Don haka ita ma tsiri take gani, gira da idanu da bakin hula, kuma ita ma da tsirin take yanke hukunci. Wannan ɓangaren ne take ba da labarinsa tana rufe baki.

Wata rana bayan magariba ta ɗauki amjad daga Mai Wurno zuwa tashar Sinnar, ita kaɗai. Direban tsoho ne mai farar jallabiya, bai ce mata uffan ba ban da sallama. Amma idonsa ya ƙi barin madubi. Ya duba hanya ya ɗago, ya duba hanya ya ɗago. Ta matsa bayan kujerarsa, inda ta san madubi ba ya kamawa sosai, ta ciro waya ta kira gwaggonta, da Hausa don kada ya ji.

"Gwaggo, ki zauna a kan waya. Tsohon nan sai kallona yake yi, ban yarda da shi ba."

Shiru ya ɗan ratsa. Sannan tsohon ya yi gyaran murya.

"'Yata, ba ke nake kallo ba. Babbar motar can ce ta manne mana tun fitowarmu gari, fitilarta ɗaya, kuma ban ga alamar tana da burki ba."

Hausa ce tsohuwa, mai ƙanshin Larabci a gefe. Kakansa, in ji shi, daga Haɗejiya ya fito a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya tsintar auduga don ya tara guzuri, guzurin ya zama gida. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

"Baba, ka yafe mini."

"Babu komai. 'Ya mace ita kaɗai da dare, gara ta ji tsoro."

Ya kai hannu ƙarƙashin madubin ya taɓa wani ɗan harshe na roba, ƙas. Nan take hasken da ke dukan fuskarsa ya dushe.

Ɗan harshen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Gilashin madubin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, don haka fuska biyu gare shi da ba su kallon wuri guda. Ta ciki, mai shafen azurfa, tana maido da kusan duk hasken da ya faɗa mata. Ta waje, gilashi zalla, kashi 4 cikin 100 kawai take maidowa. Da rana direba na amfani da ta ciki. Da dare, idan fitilar baya ta yi ƙarfi, sai ya taɓa harshen, madubi ya karkata sama kaɗan, hasken mai zafi ya tafi rufin mota, mai sanyin ya rage a ido. Maƙerin bai cire madubin ba, bai kuma rufe shi da ƙyalle ba. Direba na ganin abin da ke bayansa daidai gwargwadon da tuƙi ke buƙata. A Suratun Nur ma runtse ido aka yi umarni da shi, ba makanta ba, kuma maza aka fara kira a aya ta 30 kafin a kira mata a ta 31.

A tashar Sinnar ta miƙa kuɗi ya ƙi karɓa, ta rantse shi ma ya rantse, kamar yadda ake yi a can, daga ƙarshe ya karɓi rabi. Tana sauka ta ɗaga ido ta dubi madubin. Babu fuskar kowa a ciki, sai ɗigon fitilar babbar motar da ke shirin wuce su tana tari, da carbin da bai gama lilo ba.