Tafasa: Na Wa Ne Abin da Ba Wanda Ya Shuka?

Da ruwa ya sauka sau biyu ko uku a Zariya, tun masara ba ta kai gwiwa ba, tafasa ta riga ta rufe ƙasa. Za ka gan ta a filayen Tudun Wada da ba a kai ga ginawa ba, da gaɓar Kubanni, da bakin gonakin bayan gari. Ba wanda ya yi mata huɗa, ba wanda ya zuba mata taki. Amma kafin wata ya zagayo ta shiga faranti: an dafa, an matse, an kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da ɗan man gyaɗa, yarinya na talla gida-gida, ko tsohuwa ta kasa a bakin kasuwa.

Yanzu ana yawan jin masana noma da na abinci suna cewa ya kamata a ɗauko ganyayen daji irin su tafasa da yaɗiya da gasaya a mayar da su amfanin gona, a shuka su layi-layi kamar alayyahu. Shawarar tana da ma'ana. Sai dai akwai tambayar da ke ƙarƙashinta wadda ba kasafai ake yi ba: ranar da abin da yake na kowa ya koma na mai gona, wa zai ci riba, kuma wa za a bari da hannu wofi?

Mu fara da sanin ganyen, domin nan ne haƙƙin farko ya ɓuya. Tafasa tana da 'yar'uwa da suke fitowa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, furensu duka rawaya. Ita ce raiɗore, wadda Sakkwatawa ke kira sanga-sanga. Ganyen tafasa kan zo bibbiyu har jeri uku a kan sanda ɗaya, shida ke nan, bakinsu a kewaye kamar cokali, kuma da yamma sai su naɗe kamar masu shirin barci. Kwanson 'ya'yanta siriri ne dogo, ya lanƙwashe kamar lauje. Ita kuwa raiɗore jerin ganyenta yakan kai huɗu ko biyar, bakinsu da tsini, kwansonta ya fi faɗi, in ka murza ganyen kuma wari mai ƙarfi zai buge ka. Kama da wane ba ta wane. An san raiɗore a haɗin maganin gargajiya, amma ɗanyun 'ya'yanta guba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya likitoci sun danganta mutuwar yara da dama da cin su, saboda ɓarnar da suke yi wa hanta da ƙwaƙwalwa.

Yau mai waya a hannu yana iya ɗaukar hoton ganye, manhaja ta faɗa masa sunansa na Latin, Senna obtusifolia, cikin ƙiftawar ido. Wannan ci gaba ne, ba a musu. Amma manhaja ba za ta gaya masa cewa saman tsiron mai taushi ake tsinka ba, kuma tun kafin ya yi fure, domin in ya tsufa sai ya yi tauri da ɗaci. Ba za ta ce masa ya zubar da ruwan dahuwar ba. Ba za ta hana shi tsinkar wadda ta fito a kan juji, ko bakin kwata, ko gefen gonar da aka yi wa feshi jiya ba. Wannan ilimin a hannun mata yake, uwa ta koya wa 'ya, kaka ta koya wa jika. Wasu ne suka gwada da cikinsu, suka sha wuya, kafin a tantance mai ciyarwa da mai cutarwa. Lokacin da likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya wallafa littafinsa na sunayen tsirrai a Hausa a 1916, abin da ya tarar a bakin mutane ya rubuta. Sunansa na kan littafin. Waɗanda suka faɗa masa ba mu san ko ɗaya daga cikinsu ba.

To me ya sa abin da ke da wannan tarihi ya zama abin kunya? Domin tafasa tana fitowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Ta zama abokiyar wannan tsakani mai wuya, sai sunanta ya manne da rashi. A yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, musamman yankin Maraɗi, hotunan mata na tsinkar ganyen daji da 'ya'yan anza su ne aka yi ta nuna wa duniya a matsayin shaidar cewa abin ya kai inda ya kai. Gaskiya ne an sha wuya. Amma darasin da da yawa daga cikinmu suka ɗauka shi ne cin ganyen daji alamar karyewa ce. Gidan da ya ɗan samu sai ya koma latas da kabeji, in an kawo kwaɗon tafasa a ɓoye kwanon kada baƙo ya gani. Wanda ya tsaya maka ranar wuya shi ne ka fara jin kunyarsa ranar daɗi. Wannan hali ba a kan ganye kaɗai muke nuna shi ba.

Abin mamaki, ganyen nan guda yana da daraja daban-daban gwargwadon inda ya tsiro. A kudu maso gabashin Amurka manoman waken suya da gyaɗa da auduga suna lissafa shi cikin ciyayin da suka fi addabarsu, suna kashe kuɗi wajen kashe shi. A Darfur ta Sudan mata kan daka ganyen, su cusa a tukunyar ƙasa, su binne har ya yi tsami, su shanya, su samu abin da suke kira kawal, wanda ke maye gurbin nama a miya. A Indiya kuma 'ya'yan ake tarawa ana sarrafa su, ana fitar da wani gari mai kaurara abinci, wanda Tarayyar Turai ta amince a sa a abinci a 2010 da lambar E427. Tsiro ɗaya: a can annoba, a nan nama, a wani wurin haja. Ashe kalmar "ciyawa" hukuncin mai kallo ce. Tsiron bai sauya ba, buƙatar mutum ce ta bambanta.

Dalilan mayar da tafasa gona suna da ƙarfi, kuma bai kamata a raina su ba. Dajin da take fitowa yana ƙarewa. Duk wanda ya san Zariya ya ga yadda gidaje suka cinye filayen da ke tsakanin unguwanni. Maganin feshi ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, shi kuwa ba ya tambayar wace ciyawa ake ci, duk abin da ya taɓa ya ƙone. In ba a shuka ta ba, wata rana sai an yi tafiya mai nisa kafin a cika kwando ɗaya. Kuma ba ta da wuyar sha'ani: tana jure ƙasa marar ƙarfi, ana shanya ganyenta a ajiye har rani.

Aikin ma ba ƙarami ba ne. Ɓawon irinta na da tauri, ba ya tsirowa lokaci ɗaya, wani sai ya kwana shekaru a ƙasa kafin ya fito. Wanda ya shuka ta bana ya bar ta ta zubar da 'ya'ya zai yi ta fama da ita a gonar wakensa baɗi. 'Ya'yan kuma in sun yi yawa a abincin kaji da dabbobi suna cutar da su. Ana buƙatar a zaɓo mai faffaɗan ganye, mai jinkirin fure, mai ƙarancin ɗaci. Inda ake irin wannan aiki kuwa bai da nisa da Tudun Wada. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da ire-iren dawa da masara da wake da gyaɗa da manoman Arewa ke shukawa, waɗanda sunayensu ke farawa da SAM. Hannun da ya gyara irin wake zai iya gyara na tafasa. Dawa da gero ma ai da can ciyayin daji ne, wasu ne suka yi haƙurin zaɓe shekara bayan shekara.

Sai dai mu dubi zogale mu ga abin da kan biyo baya. Da can shinge ne a bayan gida, maƙwabciya ta miƙa hannu ta tsinka ba tare da ta nemi izini ba. Da aka ji duniya na yabonsa, sai ya shiga kwalba da leda, aka yi masa gari da shayi, aka kafa masa gonaki. Manoma sun samu, kuma muna taya su murna. Amma mai kwaɗon da ke samun ganye kyauta yanzu saye take yi, wanda ke cin kwaɗon don ba shi da kuɗin wani abu shi ma ya ji a aljihunsa. Ba mu yarda zogale na da daraja ba sai da aka sa masa farashi, farashin kuma ya fara korar waɗanda suka riƙe shi tun ana raina shi.

Wani zai ce ai haka kasuwa take, wanda ya yi noma shi ke da amfanin. Haka ne, guminsa ne, ba mai ƙwace masa. Amma ita tafasa kafin ta zo hannunsa tana da masu ita: bazawarar da ba ta da gona, da tsohuwar da jarinta kwando ne da ƙafafunta. A hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito an nuna cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Abin da ya tsiro da kansa kowa na da rabo a ciki, abin da aka shuka kuwa na mai shuka ne. Ga wani abin lura kuma: a mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakka a kan ganyaye. Ke nan ranar da tafasa ta bar daji ta shiga gona, rabon talaka ya tashi daga abin da yake ɗiba da hannunsa ya koma abin da sai an ga dama a ba shi.

Saboda haka a shuka ta, amma a biya bashin da ke kanta. Manazarcin da zai tara iri ya fara da zuwa wurin masu kwaɗo, ya tambaye su wace tafasa ce ta fi daɗi kuma a ina take fitowa, ya rubuta sunayensu kusa da nasa. In an samu ingantaccen iri, su ne ya kamata su fara karɓa, ko da a ɗan fegi ne a bayan gida ko a tsohon buhu. Irin ya zama wanda ake ajiyewa a sake shukawa, kada ya zama sai an saya duk shekara. Mai gona kuma ya bar bakin gonarsa ba feshi, ya bar mai tsinka ta tsinka. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san kala: in an gama cire gyaɗa ko girbin dawa, mai gona yakan kau da kai, mata da yara su bi su tsince abin da ya rage, kuma ba a kiran wannan sata.

Mu kuma da ba mu da gona ba mu da ɗakin bincike, namu ya fi sauƙi. Kada mu jira sai tafasa ta dawo mana a cikin leda da tambarin kamfani kafin mu ci ta a gaban baƙo. Daminar bana, in akwai tsohuwa a gidanku ko a unguwarku da ta san ganye, a tura yara su bi ta daji, ta nuna musu tafasa ta nuna musu raiɗore, su murza su sansana da kansu. In kuma mai kwaɗo ta faɗi kuɗinta, a biya yadda ta ce, ba tare da neman ragi ba.