Zango Ma Tafiya Ne

Jirgin sama ya rage nisan duniya, amma bai kawar da jira ba. Mutumin da ya tashi daga Kano za shi Indiya, ko Sin, ko ƙasashen Turai, galibi ba jirgi ɗaya ke kai shi ba. A kan sauke shi a wani babban filin jirgi, kamar na Alƙahira ta ƙasar Masar, ya jira wanda zai ƙarasa da shi. Daga Kano zuwa Alƙahira tafiyar sa'a 4 ce zuwa 5, amma jiran da ke biye da ita ya kan kai sa'a 10 ko 12. Ga birni kuwa nan kusa, tsakiyarsa ba ta fi kilomita wajen 20 daga filin ba. To, wane ne ya yi daidai, wanda ya zauna bisa kujera yana duban agogo har jirginsa ya zo, ko wanda ya fita ya ga gari ya komo?

Tambayar kamar ƙarama, amma a ƙarƙashinta akwai babba, watau ko sa'o'in jira suna cikin lissafin rayuwar mutum, ko kuwa yayi ne da a ke sharewa a zubar. Mutane da yawa sun ɗauka tafiya tana da wuri biyu kaɗai, inda aka tashi da inda za a. Abin da ke tsakani kuwa sai a yi ta neman hanyar da zai wuce da sauri, da barci, da hamma, da latsa waya. Amma fa kwanakin ɗan Adam ƙidayayyu ne, kuma ba a cire masa sa'o'in jira daga cikinsu a ajiye masa. Wunin da ya ƙare a ɗakin jira ya fita daga rayuwarsa kamar yadda wunin aure ko na girbi ya ke fita. Wanda ya zubar da shi, dukiyarsa ya zubar.

Mutanen da ba su ɗauki tsayawa a hanya hasara ba. Fatake masu zuwa Gwanja neman goro suna da wuraren sauka da su ke kira zango, inda a ke sauke kaya, a huta, a yi ciniki, a ji labarin hanya. Waɗansu zangunan ma suka zama unguwanni, har yau a Kumasi da sauran garuruwan Gana sunan da a ke kiransu ke nan. Haka kuma alhazan da suka bi ƙasa ta Barno da Cadi da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa suna aiki a gonakin auduga na Sudan, suna koyon Larabci da sana'a. Da yawa daga cikinsu abin da suka komo da shi na ilmi a zango suka same shi.

Alƙahira kanta tsohon zango ce ga mutanen ƙasashen baƙar fata. A shekara ta 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya sauka a can a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya gana da Sarkin Masar, ya yi ta kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Tun kafin wannan, cikin ƙarni na 13, mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a birnin domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma masallacin Azhar ya keɓe wa ɗaliban Barno sashensu. Akwai kuma wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa ke kira Alkashinawi, gwani a ilmin lissafi. Bayan ya yi aikin hajji ya sauka Alƙahira, malaman birnin suka karɓe shi hannu biyu, a can kuma ya rasu a 1741. Waɗannan duka masu wucewa ne, amma ba wanda ya zauna bayan ganuwa yana jiran ayari ya tashi.

Sabo da haka matafiyin da ya ce zai fita ya ga gari yana da hujja mai ƙarfi. Gani ya kori ji. Masallacin Azhar da aka fara gininsa a 970 yana nan, daura da shi ga masallacin Husaini, ga kuma kasuwar Han Halili wadda ta samo asali tun ƙarni na 14, dukansu a unguwa ɗaya, da ƙafa a ke zagaya su. Wanda ya yi salla a Azhar, ya ga ɗalibai daga ƙasashe iri iri zaune da littattafansu, ya ratsa lungun maƙeran tagulla, ya sha shayi a bakin hanya yana sauraron harshen mutane, ya komo da abin da ba a sayarwa a kantunan filin jirgi. Filayen jirgin sama kuwa kusan kamarsu ɗaya a duk duniya, da fitilu, da kujeru, da turare mai tsada. Mutum ya iya ratsa goma daga cikinsu bai ga ƙasa ko ɗaya ba.

Amma wanda ya zauna shi ma ba wawa ba ne, kuma dole a saurari tasa hujjar. Jirgi ba ya jiran kowa. Wanda ya makara ya yi hasarar kujerarsa, kuma bisa ga al'adar kamfanonin jirage, in mutum ya kuskure wani sashe na tafiyarsa a kan soke sauran da ke cikin tikitin, har da na komowa gida. Sa'an nan ba ko wane matafiyi ke da ikon kansa ba. Wani yana ɗauke da kuɗin 'yan kasuwa goma da suka aike shi sayen kaya. Wani ya rako mahaifiyarsa asibiti. Wani shi ne jagoran tsofaffi waɗanda ba su iya karanta lambar ƙofar jirgi ba. Irin wannan mutum lokacinsa ba nasa ba ne, amana ce a hannunsa, in ya tafi yawon buɗe ido da ita ya ci amana, ko da ya komo lafiya a kan kari. Abin da ya yi caca ce da haƙƙin waɗansu, samun sa'a kuwa ba ya wanke mai caca.

Har wa yau akwai dokar ƙasa. Ɗakin jira wuri ne da a ke barin mai wucewa ya zauna, amma ƙetare ƙofarsa shiga ƙasar mutane ne, sai da izni. Iznin nan ya bambanta bisa ga fasfon da mutum ke riƙe da shi, wani a kan ba shi a nan take, wani sai ya nema tun daga gida. Mai hankali ya kan tambayi ofishin jakadanci ko kamfanin jirgi tun bai tashi ba, don matambayi ba ya ɓata. Baƙon da ya nemi shiga ta bayan gida ya jawo wa kansa kunya, ya kuma ɓata wa 'yan ƙasarsa masu zuwa bayansa.

To, in an auna hujjojin nan biyu, sai a ga abin da ke raba gardama lissafi ne da niyya. A ɗauka mutum yana da izni, ba kowa a wuyansa, jiransa kuma sa'a 12 ne. Ya cire sa'a ɗaya da rabi na sauka da duba takardu. Ya cire ɗaya ta shiga gari. Ya cire ɗaya da rabi ko biyu na komowa, gama cunkoson motocin Alƙahira sananne ne. Ya cire uku da ya kamata ya kasance a fili kafin jirgi ya tashi. Abin da ya rage masa wajen sa'a 5 ne, su ne nasa na halal. Ya kuma gyara agogonsa tun da ya sauka, domin lokacin Masar yana gaba da na Nijeriya da sa'a ɗaya, a waɗansu watanni ma biyu. Wanda jiransa bai wuce sa'a 6 ba, in ya yi wannan lissafi zai ga ba abin da ya rage, sai ya haƙura. A nan amfanin yaƙi da jahilci ya ke fitowa fili, gama wanda ya iya karanta tikitinsa da allon tashin jirage, ya iya haɗawa da ɗebewa, shi ne ke da 'yancin fita. Wanda ya yi karatun allo kuwa ya sami ƙari, don sunayen titunan birnin da baƙaƙen Larabci a ke rubuta su.

Sa'a biyar ɗin nan ma suna da nasu tarko, shi ne haɗama. Mai haɗama zai ce sai ya ga Azhar, ya hau ganuwar Salahuddini, ya tsaya bakin Kogin Nilu, ya kuma kai Giza wajen dalar Fir'auna, wadda ke can ɗaya gefen birni, hayin kogi. Dalar nan abin gani ce ƙwarai, ta yi shekara wajen 4,500, tsawonta na asali kuwa mita 146. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya nemi ganin kome a wuni guda zai ƙare wuninsa cikin mota, zuciyarsa na dukan uku uku, ya komo da hotuna masu yawa, bai tuna kome ba. Gara a zaɓi wuri ɗaya, a zauna a cikinsa da natsuwa, a bar sauran ga wata tafiya.

Tarko na ƙarshe ya fi ɓoyuwa, shi ne girman kai bayan an komo. Cikin shekarun 1950 jiragen da ke tsakanin Turai da Afirka ta Kudu su kan sauka Kano su sha mai. Da wani Bature daga cikin fasinjojin nan zai leƙa kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata na sa'a biyu, sa'an nan ya koma ƙasarsa ya riƙa cewa ya san halin Hausawa, ai da Kanawa sun yi masa dariya. To, haka Bahaushen da ya yi rabin wuni a Alƙahira. In direba ɗaya ya tsawwala masa kuɗi, bai isa ya ce Misirawa macuta ne ba. In wani ya yi masa alheri, ya gode, amma ya sani mutum guda ya gani cikin miliyoyi. Baƙo ko da ido makaho ne. Amfanin gajeren gani shi ne ya nuna wa mutum yawan abin da ya rage masa, ya sa shi marmarin karatu da tambaya.

Wanda amana ko doka ta tsare shi a ɗakin jira, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa duka. Kusa da shi akwai mutumin Habasha, da na Indonesiya, da na Maroko, ko wanne da labarin garinsu, sallama kaɗai ta ke buɗe shi. Akwai littafi, akwai masallaci, akwai tsohuwar da ke neman mai nuna mata ƙofar jirginta. In ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, shi da wanda ya fita sun yi tarayya a kan abu guda, ko wannensu ya ɗauki wunin nan a bakin wuni na rayuwarsa, ya yi aiki da shi gwargwadon halinsa. Wanda ya yi hasara shi ne wanda ya sami izni, da lokaci, da lafiya, ba kowa a wuyansa, birni mai shekara fiye da dubu yana bakin ƙofa, amma lalaci ya ɗaure shi a kujera, ya kuma raɗa wa lalacin nan suna hankali.