Kashe Gobara Farillar Kifaya Ce

 

Ya ku 'yan'uwana samarin zango, Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone a Madina da dare da mutanensa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya gargaɗi sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce, a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Bai ce ƙaddara ce ya yi shiru ba. Ya koyar da rigakafi.

Mu ma mun ga abin da wuta take yi. A ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai sun haɗu a Kwame Nkrumah Circle a Ankara, mutum fiye da 150 suka rasu. A Janairun 2025 kasuwar Kantamanto ta ƙone, a Maris kuma ta Adum a nan Kumasi. Ni kaina na tsaya a lungunmu wani dare da hunturu, ɗakuna suna ci, motar 'yan kwana-kwana ta iso amma ta kasa shiga, domin mun cika hanya da rumfuna da tebura. Samari sun fi hamsin a wurin, kowa da ƙarfinsa, amma ba yashi, ba tsani, ba mai ba da umarni. Da safe wata gyatuma tana tonon toka tana neman Alƙur'aninta.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa ceton rai farillar kifaya ce: idan wasu suka tsayu da ita an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari duk wanda yake da iko ya yi laifi. Ku duba Suratul Ma'ida aya ta 32 ku ga darajar wanda ya ceci rai guda. To, su wa suka tsayu da wannan farilla a zangonmu?

Hukumar kashe gobara ta Gana tana nan tun 1963, lambarta 192, ko a kira 112. Bayan gobarar daji ta 1983, doka ta 229 ta 1990 ta tanadi ƙungiyoyin 'yan sa kai a garuruwa. Manoma a ƙauyuka sun yi nasu don gonaki. Mu da ɗakunanmu suke manne da juna, me ya hana mu?

Ga abin da nake kira gare shi. Kowane masallaci ya fitar da samari goma, a je ofishin hukumar a nemi horo, a sanar da Sarkin Zango da liman. A yi karo-karo ranar Juma'a a sayi bokitan yashi, tsani, gatari, tocila, usur, bargon kashe wuta, da tukwanen kashe gobara masu hoda. A ajiye su inda kowa ya sani, kada a kulle a ɗakin da mai mabuɗinsa ya yi tafiya. Duk wata a duba allurar tukunya, ta kasance a kan kore.

Kuma a san aiki da su. A zare fil, a nufi gindin wuta ba harshenta ba, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Tukunyar ba ta minti guda take ƙarewa, saboda haka ta ƙaramar wuta ce. Kafin komai a kira hukuma, a fitar da yara da tsofaffi, a kashe mita. Kada a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta man suya. Ruwa yana fantsama mai, sai dai a rufe da murfi ko bargo. In an ji warin gas, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin fitila. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwan famfo na minti 20, ban da man goge baki ko ƙwai. 'Yan'uwa mata su shiga horon, domin su ne kusa da murhu.

Wani zai ce, ai abin da Allah Ya rubuta sai ya faru. Gaskiya ne. Amma Annabin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya umurci balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Bokitin yashi ɗaurin raƙumi ne. Wanda kuma ya janye teburinsa daga hanya don mota ta wuce, ya yi sadaka.

Yau da dare, kafin ka kwanta, ka kashe gawayi da kyandir, ka rufe gas, ka nisanta maganin sauro daga katifa, da niyyar bin Sunna. Juma'a mai zuwa kuma ka ba da sunanka.

Allah Ya tsare mu daga wutar duniya da ta lahira, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri. Amin.