Buri Da Hali: Darasi Daga Gonar Inabi

Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, muna da wata gona da muke nomawa a zuci. Idan albashi ya ƙare tun wata bai raba ba, ko zaman nesa da gida ya ishe mu, sai mu koma mata mu huta. Ta wasunmu gonar inabi ce: ɗan fili a mahaifa, rijiya guda, rumfunan waya, da 'ya'yan inabi suna reto a ƙarƙashin ganye. Wannan buri yana da tushe, domin manoma a yankin Kudan ta Jihar Kaduna, kusa da Zariya, sun nuna cewa inabi yana karɓar ƙasarmu. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya dace mai ƙaramin ƙarfi ya binne ɗan abin da ya tara a cikin irin wannan buri, alhali ga iyali suna kallon hannunsa?

Masu cewa bai dace ba suna da hujja mai nauyi. Inabi ba gero ba ne da za a shuka da damina a girbe da kaka. Kafin ya mayar da ko sisi sai an kafa masa turaku, an ja waya, an tanadi ruwan rani da taki da magani, domin laima tana jawo masa cutar ganye. Daga nan a zauna jira, sau da yawa shekara biyu ko uku, kafin a ga amfani na kirki. A tsawon wannan jira kuɗin makarantar yara ba ya tsayawa, ciwo kuma ba ya neman izini. Wanda ya zuba kuɗin adashinsa duka a gonar, ya ɗora wa matarsa da 'ya'yansa haƙurin da ba su zaɓa ba, kuma wannan zalunci ne ko da niyyar mai kyau ce.

Duk da haka, ba mu yarda a ce talaka ya haƙura da buri ba, don mutumin da aka raba da buri ya zama ɗan jiran ƙarshen wata kawai. Tarihin inabin kansa ya nuna mana mafita. A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya zo daga Amurka, ya faɗa wa saiwoyin inabin Faransa, ya hallaka gonaki masu ɗimbin yawa. Abin da ya ceci manoman shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: suka ɗauki reshen inabin Turai mai daɗin 'ya'ya, suka ɗaura shi a kan tushen inabin Amurka mai jure ƙwaron. Haka muke ganin ya kamata a yi da buri. A ɗaura shi a kan tushen halin da mutum yake ciki, wato abin da zai iya rasawa ba tare da tukunyar gidansa ta sauka ba.

Darasi na biyu yana cikin aski. Inabi yana ba da 'ya'ya ne a kan sababbin rassan da suka tsiro daga reshen bara, saboda haka manomi yakan sare mafi yawan rassan da hannunsa. Wanda ya ji tausayin wuƙa zai sami inuwa mai yawa da 'ya'ya marasa kirki. Mai burin eka biyar, in ya sare burin ya koma kuringa ashirin a bayan gida, ya biya kuɗin koyo ke nan da araha. In sun mutu, asarar ba ta kai ga karya gida ba. In sun rayu, ga ilimi ga rassan dashe na faɗaɗawa. Dama masu iya magana sun ce, iya kuɗinka iya shagalinka.

Saboda haka amsarmu ita ce ya dace, bisa sharaɗi biyu: a shawarci waɗanda za su ɗauki nauyin jiran, kuma kada a taɓa kuɗin da haƙƙin wani ya rataya a kansa. Wanda ya cika su ya je ya haƙa ramin farko, Allah ya sa albarka.