Wa Zai Riƙe Yaran?

'Yan'uwa, akwai tambayar da ke hana uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau barci: in jinya ta kwantar da ita, wa zai riƙe mata 'ya'ya? A Alƙahira tambayar ta fi nauyi, domin dangi suna can Kano ko Maraɗi.

Wasu na ganin raba ta da yaran shi ne kariya, tunda malaman Malikiyya sun sharɗanta wa mai riƙo kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa irin kuturta. Sai dai illar hukuncin ita ce tsoron cutar da yaro, alhali ƙanjamau ba ta yaɗuwa ta runguma ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma mai shan magani kullum kan daɗe cikin ƙoshin lafiya. Saboda haka haƙƙinta na nan. Dokar Masar ta 2005 ma ta bar yaro a hannun uwa har shekara 15.

Namu shi ne mu rufa mata asiri, mu taya ta rubuta wasiyya gaban shaidu, ta ambaci wanda ta amince ya riƙi yaran, takardun haihuwarsu da fasfo suna kammale. Allah Ya ƙara mana lafiya da tausayin juna.