Ko Abin Da Ido Bai Gani Ba Yana Da Hakki?

A gaɓar tekun Atlantika, cikin ƙasar Muritaniya, akwai wani wuri da ake kira Banc d'Arguin. Tsibirai da tuddan rairayi sun kare shi daga haukan raƙuman ruwa. Sau biyu kowace rana teku kan cika ya rufe gaɓar, sa'an nan ya janye, saboda jan da wata ke yi wa ruwa. In ya janye, sai a ga rairayi da laka fetal, kamar fadama bayan damina.

Baƙo ya duba, ya ce babu kowa a nan, babu kome. Ashe ƙarƙashin sawunsa gari ne guda. Tsutsotsi sun haƙa ramuka, ƙaguwa na kiwo, masu ƙwanso sun nutse suna jiran dawowar ruwa. Cikin ciyawar da ke tsirowa a wurin 'ya'yan kifi ke ɓuya har su yi ƙarfi. Kowace shekara kuwa tsuntsaye wajen miliyan 2 ke tasowa daga arewacin Turai da Sabiriya, su sauka nan su ci waɗannan ƙananan halittu, su sami ƙarfin komawa su yi ƙwai.

To, mutum yana da ikon ɓata irin wannan wuri don bai ga amfaninsa ba? Wani ya ce yunwar ɗan Adam ta fi ran tsutsa. Maganarsa tana da nauyi, gama mai iyali ba ya ciyad da su da kallon tsuntsu. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In aka kashe tsutsa da ciyawa, kifi ya rasa wurin girma, masunci kuma ya dawo hannu wofi.

A 1976 hukumar Muritaniya ta keɓe wurin. Ba ta kori Imragen ba, watau masuntan da suka gāji gaɓar kaka da kakanni. An bar su su yi su da jiragen filafilai, aka hana masu inji. Aka raba bukata da haɗama ke nan.

Rashin ganin amfanin abu gajartar sanin mai dubawa ce. Wanda ya tarad da rai a wuri, amana ya tarar. Ya ɗebi abin da zai ishe shi, ya bar tushen domin na baya.