Haƙƙin Dokin Keke a Titunan Alƙahira

Akwai wata tsohuwar mas'ala da fuƙaha'u suka tattauna tun zamanin da babu mota babu kwalta, ita ce: idan mutum ya sayi dabba da halaliyarsa, shin ya mallaki ƙarfinta ne baki ɗaya, ya yi da shi yadda ya ga dama, ko kuwa wani gwargwado ne kawai aka halatta masa, saura kuma amana ce da za a tambaye shi a kanta? Wanda ya karanta mas'alar a zaure yana iya ɗauka ta zamanin ayari ce, ta wuce tare da fatake. Amma a Alƙahira, inda har yanzu dawakai ke jan kekunan kaya a tsakanin motoci, wasu kuma ke ɗaukar baƙi zuwa dalar Fir'auna a Giza, tana nan da ranta.

Mu fara duban dokin kansa, domin hukunci ba ya inganta sai an san abin da ake hukuntawa. Allah ya halicci doki dabbar fili, mai saurin firgita, idanunsa a gefen kai don ya hango abin da ke tafe ta kowace fuska. Shi ya sa mai keke ke rufe masa gefen idanu da fata, ya bar masa gaba kaɗai, ga ƙahon mota ta dama, ga babur ta hagu. Tumbinsa ƙarami ne, tsarinsa shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan, kuma ba ya iya amai, saboda haka in aka bar shi da yunwa tun safe sannan aka cika masa ciki da dusa lokaci guda, ciwon ciki na iya kashe shi. Ta hanci kaɗai yake numfashi, hancin nan kuwa, in ya sunkuyar da kai yana ja, daidai yake da inda hayaƙin mota ke fita. Takalmin ƙarfen da aka buga masa a kofato yana santsi a kwalta. Igiyar da ke goge masa ƙirji kuwa, in ba a sa mata tsumma mai laushi ba, takan buɗe miki, ƙuda ya bi, gumi ya shiga, gobe a sake ɗaurawa a daidai wurin.

Amsar shari'a a nan ba ta da ruɗani. Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, Bamisire ne ya wallafa shi, kuma a babin nafaƙa ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, ya hana a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, in kuwa mai ita ya ƙi ko ya kasa, a sayar da ita. Abin lura shi ne ba a ajiye wannan a babin kyawawan ɗabi'u ba, inda mutum in ya so ya yi, in bai so ba ya bari. An ajiye shi ne kusa da ciyar da iyali, wato cikin abin da alƙali ke da ikon tilastawa. Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, shi kuma ya ce nafaƙar ba ta faɗuwa don dabba ta tsufa ko ta yi rashin lafiya har amfaninta ya ƙare. Tun kafin su, an ruwaito cewa Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, da ya ji ana ɗora wa raƙuman Masar ratali 1,000, ya rubuta wa wakilinsa kada a wuce 600. Bai tsaya ga wa'azi ba, ya yanke adadi, domin ya san kalmar tausayi kowa na iya fassara ta daidai da bukatar aljihunsa.

To amma mai keken fa? Mafi yawansu talakawa ne, wasu ma dokin haya suka karɓa, sai sun biya kuɗin yini kafin su sami na gurasa; kuma wanda ya ce da irin wannan mutum ya hutar da dokinsa tun daga hantsi har la'asar, alhali bai ce masa ga abin da 'ya'yansa za su ci ba, lalle ya sauƙaƙa wa kansa magana. Akwai masu ganin maganin abin shi ne a hana sana'ar ɗungum. Ban goyi bayansu ba, hujjata kuwa abin da ya faru ne a Nazlatus Samman, unguwar masu dawakai da ke gindin dala: a 2011 da juyin juya hali ya kori baƙi, da kuma 2020 lokacin annobar korona, aiki ya tsaya, dawakan kuwa, maimakon su huta, yunwa ce ta kama su, har wasu suka mutu. Dokin birni ba shi da makiyayar da zai koma. Abincinsa daga aikinsa yake fitowa. Sai dai lalura, kamar yadda malaman usulu suka kafa, ana auna ta da gwargwadonta: talauci na iya zama uzurin ramar doki, amma ba ya zama uzurin bulala a fuska, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma barinta ba ya cin ko sisi.

A 1930 wata Baturiyar Ingila, Dorothy Brooke, ta sauka Alƙahira tare da mijinta, hafsan sojan doki, ta tarar da tsofaffin dawakan da sojan Ingila suka sayar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suna jan kaya, ƙashi da fata. Ta rubuta wasiƙa ga jaridar Morning Post a 1931, jama'a suka aiko da gudummawa, ta fanshi kimanin 5,000, mafi yawansu sun riga sun lalace har babu abin yi sai a sauƙaƙa musu mutuwa. A 1934 ta buɗe asibitin da ke duba dabbobin aiki kyauta. Hikimarta ita ce ta gane mai doki ba abokin gaba ba ne, mabuƙaci ne. Musulmi ya kamata ya yaba mata, ya kuma ji ɗan nauyi, domin a Dimashƙa an taɓa yin filin waƙafi musamman don tsofaffin dawakai su yi kiwo har ajalinsu; al'adar tamu ce, sakaci ya shiga tsakani.

Saura hukuma. Sananniyar magana ce da ake jinginawa ga Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, cewa yana tsoron in alfadari ya yi tuntuɓe a Iraƙi Allah zai tambaye shi don me bai gyara masa hanya ba. Ma'anarta, a ganina, ita ce wanda ya shimfiɗa titi yana da kaso cikin alhakin abin da ke tafiya a kansa: kwamin ruwa, da rumfar inuwa, da layin da mota ba ta shiga, da likitan da ke duba kofato kafin a ba da lasisi, duk aikin muhtasibi ne, wato mai hisba, ko da an sauya masa suna. Birnin New York, inda kekunan doki ke yawo da baƙi a Central Park, ya hana aiki in zafi ya kai kusan digiri 32, ya ƙayyade sa'a 9 a yini, ya wajabta hutun mako 5 a shekara. Duk da haka wani doki ya faɗi a titi a can cikin Agustan 2022, abin da ke nuna doka ba ta wadatarwa in babu mai sa ido.

Wanda aka fi mantawa da shi cikin lissafin shi ne fasinja. Shi ne ke taya kuɗi har ya kai mai keke bango, ya cusa mutum shida a mazaunin huɗu, sannan ya ce a yi sukuwa don ya ɗauki hoto. Kuma duk abin da ya rage a ciniki, a kan harawar daren nan za a cire shi, tunda mai keke ba zai cire daga tuwon 'ya'yansa ba. Fuƙaha'u sun yi bayani a babin haya cewa wanda ya hayi dabba ya wuce nauyi ko nisan da aka yi sharaɗi, in ta halaka, lamuni na kansa. Wannan hukunci ya hau kan mai yawon buɗe ido a Giza kamar yadda ya hau kan falken da ya hayi raƙumi zuwa Agadas.